Tsakanin jan kunne da ƙwace lasisi: amsa ga ɗalibar harhaɗa magunguna

Tambayarki ta iso, ƙanwata. Kin ce kina shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna, kuma kin ga ana kai ƙudirori gaban majalisun dokokin jihohin Amurka don a ƙara wa hukumomin da ke ba masu wannan sana'a lasisi hanyoyin ladabtarwa, irin su takardar jan kunne, tara, komawa ƙarin karatu, ko aiki ƙarƙashin sa ido. Kika ce, wannan ba sassauci ba ne? Mutumin da kuskurensa zai iya kai wani kabari, me zai hana a ƙwace lasisinsa kawai kowa ya huta?

Ina goyon bayan irin waɗannan ƙudirori, amma ba kowanne ba, kuma ba don tausayin 'yan sana'ata ba. Na daɗe ina tsaye a bayan tagar ba da magani, kuma na gamsu cewa hukumar da ba ta da komai a hannu sai jan kunne da ƙwace lasisi ba ta iya kare marar lafiya. Sai dai tsoronki yana da tushe. Akwai sassaucin da ya janyo asarar rayuka masu yawa, kuma zan kawo miki labarinsa.

A Amurka babu hukuma ɗaya da ke kula da masu harhaɗa magunguna na ƙasar baki ɗaya. Kowace jiha tana da tata. Majalisar dokokin jihar ce ke kafa ta, ita ce kuma ke rubuta mata iyakar abin da za ta iya yi wa wanda ya saɓa ƙa'ida. In doka ba ta ba ta ikon cin tara ba, ba ta da halin karɓar ko kwabo daga hannun kowa, in kuwa ta yi, lauya zai kai ta kotu a rushe hukuncin. Shi ya sa maganar takan koma gaban majalisa duk lokacin da hukuma ta ga kayan aikinta sun gaza. Wani abin kuma, hukuncin da aka rubuta da sunan ladabtarwa ba ya tsayawa a jihar da aka yanke shi. Ana shigar da shi rumbun bayanai na ƙasa, duk jihar da mutum ya je neman lasisi za ta gani, asibitin da ya nemi aiki ma zai gani. Tambari ne da ke bin mutum har ya bar aiki. Saboda haka yawancin gardamar a kan abu ɗaya take, wato wane laifi ne ya cancanci wannan tambarin, wanne ne kuma za a gyara ba tare da shi ba.

Ki sa kanki a kujerar ɗan kwamitin ladabtarwa. An kawo miki mace mai shekara 20 tana aiki, ba a taɓa kawo ƙararta ba, ta ba yaro maganin da ya ninka abin da likita ya rubuta, yaron ya kwana biyu a asibiti ya warke. Doka ta ba ki abu biyu, ko ki ja mata kunne ta tafi, ko ki raba ta da sana'arta. Kusan kowa na farkon zai zaɓa, don na biyun ya yi tsanani. Sai ta koma bakin aiki ba a binciki dalilin kuskuren ba, ba a gyara komai ba, kuma abin da ya sa ta kuskure yana nan yana jiran wani yaron. Ran da kuma aka yi rashin sa'a wani ya mutu, jaridu suka ɗauka, sai kwamitin ya zabura ya ɗauko babbar sanda ya sauke ta a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa. Hukuncin ya zama yana bin girman asarar da aka yi, ba girman laifin da aka aikata ba. Wannan ita ce cutar da nake so a magance.

Bari in gaya miki abin da ya faru da ni a shekarata ta farko, a wani asibitin gwamnati da ba sai na faɗi sunansa ba. Ranar Litinin ce, layi ya kai har baranda, mu biyu ne a taga. Wani saurayi ya miƙo katin mahaifiyarsa. Rubutun likita irin wanda kika sani, farkon kalma a fili, ƙarshenta jan layi kawai. An rubuta mata kulofiromazin, maganin taɓin hankali. Na juya na ɗauko gwangwanin kulofirofamaid, maganin ciwon suga, don a jere suke a kan kanta bisa tsarin haruffa, kuma gwangwanayen girmansu ɗaya. Na ƙirga, na zuba a 'yar ambulan, na rubuta masa yadda za ta sha, ya yi godiya ya tafi. Sai da na zo shigar da shi a littafi idona ya faɗa kan gwangwanin da ke gabana. Har yau ina tuna yadda tafin hannuna ya jiƙe. Tsohuwar da ba ta da ciwon suga in ta sha wannan ƙwaya, sugan jininta zai faɗi, kuma magani ne mai daɗewa a jiki, tana iya suma cikin barci ba wanda ya sani. Na bar taga a buɗe na fita da gudu, na same shi a bakin ƙofar asibiti yana cinikin ɗan acaɓa.

Da na dawo na gaya wa shugaban sashenmu, ina jiran faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya ɗauke gwangwani ɗaya ya mai da shi can wata kanta, ya sa jan biro ya rubuta "SUGA" da manyan baƙaƙe a jikinsa, sannan ya miƙo mini wani littafi ya ce in rubuta abin da ya faru, da ƙarfe nawa ne, da mutum nawa ke layi. Da na buɗe littafin sai na ga ba ni ne na farko ba a kan waɗannan gwangwanaye biyu. Da ɗan acaɓan nan ya yi saurin amincewa da farashi, da labarin ya zama wani daban, alhali abin da hannuna ya aikata bai canza ba ko kaɗan.

Masu nazarin kuskuren aikin lafiya sun daɗe da raba abin gida uku, kuma ni ma a kan haka nake. Akwai kuskure tsantsa, wanda mai kula ma yakan yi. Akwai yanke hanya, inda mutum ya saba tsallake wata ƙa'ida don yana ganin ba ta da wani amfani, kamar barin duba takarda karo na biyu saboda layi ya yi tsawo. Akwai kuma ganganci da ha'inci, inda mutum ya san haɗarin sarai ya rufe ido, ko ya yi da gangan don kuɗi. Na farko gyaran tsarin aiki yake buƙata. Na biyu horo da sa ido, tun ice yana ɗanye. Na uku ba ya buƙatar wani lallashi.

Misalin na ukun sananne ne a Amurka. A 2001 aka kama wani mai kantin magani a birnin Kansas yana sirka magungunan ciwon daji yana sayar da su a farashin cikakku. Wakilin wani kamfanin magani ne ya fara lura cewa abin da mutumin ke sayarwa ya fi abin da yake saye yawa. Daga baya ya amsa cewa ya shekara kusan goma yana haka, kuma an ƙiyasta abin ya shafi marasa lafiya kimanin 4,200. A 2002 aka yanke masa ɗaurin shekara 30. Babu wani ƙudiri mai hankali da ke neman a sauƙaƙa wa irin wannan, kuma duk wanda ya ce miki ƙara hanyoyin ladabtarwa na nufin barin irinsa su ci gaba da aiki bai karanta abin da ake magana a kai ba.

Wanda ya fi daɗewa a raina shi ne na jihar Ohayo. A watan Fabrairun 2006 wata yarinya 'yar shekara biyu tana karɓar zagayen ƙarshe na maganin ciwon daji a wani asibitin yara da ke Kilibilan. Ƙarin da ke cikinta ya riga ya narke, iyayenta suna shirin komawa gida da ita. Ranar Lahadi ce da safe. Kwamfutar sashen magani ta tsaya saboda gyara, takardu sun taru, ma'aikata ba su cika ba, kuma daga ɗakin jinya ana kira a hanzarta. Mataimakiyar da ta haɗa ƙarin ruwan, maimakon ta ɗauko ledar ruwan gishiri da aka saba mai kashi 0.9 cikin ɗari, sai ta cika leda da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23.4, wato fiye da ninki ashirin. Duka biyun ruwa ne garau, ido ba ya bambance su. Mai harhaɗa magungunan da ke bakin aiki ya duba ya sa hannu. Bayan 'yan kwanaki yarinyar ta rasu.

Hukumar jihar ta soke lasisinsa har abada a 2007. A 2009 kotu ta ɗaure shi wata shida a gidan yari bisa laifin kisa ba da niyya ba, da ƙarin wata shida na zaman gida, da tarar dala 5,000. Ba na cewa ba shi da alhaki. Sa hannunmu amana ce, kuma ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Amma ki dubi abin da bincike ya tono: a lokacin jihar Ohayo ba ta da wata doka da ta ce sai mataimakin mai harhaɗa magunguna ya yi wani karatu ko ya ci wata jarrabawa kafin ya taɓa maganin da za a ɗura wa jariri a jijiya. Wannan giɓin ne aka toshe da dokar da ake kira Dokar Emily, da sunan yarinyar, wadda gwamnan jihar ya sa wa hannu a farkon 2009. Ita ce ta kare yaran da suka biyo baya, ba ɗaurin ba. Mahaifin yarinyar da kansa daga baya ya yafe wa mutumin, har suka riƙa fita tare suna yi wa ma'aikatan lafiya jawabi a kan yadda abin ya faru. Na kuma san abin da irin wannan ɗauri ke koya wa matashin da ke bayan taga. Ba kula yake koya masa ba, don dama yana iyakar ƙoƙarinsa. Shiru yake koya masa. In ya gano ya yi kuskure bayan wanda ya karɓi maganin ya tafi, zuciyarsa za ta ce masa ya bari ya ga ko abin zai wuce ba wanda ya sani.

Birtaniya ta bi ta wannan hanya ta dawo. A 2009 wata kotu ta yanke wa wata mai harhaɗa magunguna ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka saboda ta ba wata dattijuwa furofiranolol, maganin zuciya, a maimakon furedinisolon, duk da bincike ya nuna ba kuskuren ne ya kashe matar ba. A ƙarƙashin dokar magunguna ta 1968 kuskuren kansa laifi ne, ko da niyya ko babu. Kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin tara a 2010, amma tsoron ya riga ya shiga. Sai a watan Afrilun 2018 aka yi gyaran da ya ba mai kuskure kariya daga gurfanarwa, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan kariyar shi ne a hanzarta sanar da marar lafiya da zarar an gano kuskuren. Wannan sharaɗin ya burge ni ƙwarai. Ba a ce an yafe maka ba. An ce in ka fita da gudu ka tare mutumin a bakin ƙofa, doka tana bayanka, in ka ɓoye, ka fita daga inuwarta. Hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna a Birtaniya, wadda ta fara aiki a 2010, tana da matakai a jere: gargaɗi, gindaya sharuɗɗan aiki har zuwa shekara uku, dakatarwa har zuwa wata 12, sannan goge suna daga rajista, wanda mutum ba zai nemi a mai da shi ba sai bayan shekara biyar.

Yanzu ga inda tsoronki ya yi gaskiya. A jihar Masacusets akwai wani kamfanin haɗa magunguna mai suna New England Compounding Center. Lasisin kantin magani yake da shi, amma yana haɗa allurai da yawa yana turawa jihohi kamar masana'anta. An sha kai ƙorafi a kansa tun shekarun farko na kafuwarsa, masu bincike sun je sun ga matsaloli a wajen tsafta. A 2004 aka ba da shawarar a yi masa tsawatarwa a hukumance tare da sa masa ido na shekara uku. Kamfanin ya ce wannan zai kashe masa kasuwa. A 2006 hukumar jihar ta sauko, aka ƙulla yarjejeniyar da ba a ɗauke ta a matsayin ladabtarwa ba, saboda haka asibitocin da ke saye daga wurinsa a wasu jihohi ba su ga wani tambari a kansa ba. A 2012 allurar da yake haɗawa don ciwon baya, wadda ake yi kusa da laka, ta fita gurɓace da ƙwayoyin fumfuna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, mutum 64 suka mutu, kuma daga baya adadin mamatan ya haura ɗari. Da masu bincike suka shiga, sun tarar da fumfuna a ɗakunan da ake cewa tsarkakakku ne. Sai da majalisar tarayya ta yi sabuwar doka a 2013 a kan masu haɗa magani da yawa irin haka.

Kin ga ke nan, hanyar da aka buɗe don mai kuskure ɗaya, mai kuɗi da lauyoyi ne ya bi ta cikinta. Duk lokacin da na ɗauki ƙudirin da ke neman a ba hukuma ikon sasantawa a asirce, wannan labarin nake fara tunawa, kuma abin da nake nema a ciki shi ne shinge. Jihar Bajiniya tana da irin shingen da nake nufi. Dokarta ta yarda hukumomin lafiya su yi yarjejeniyar sirri da ma'aikaci a kan ƙaramin laifi, amma ta hana yin haka inda akwai alamar mummunan sakaci ko ganganci, kuma wanda ya riga ya ci wannan gata sau biyu cikin shekara goma a kan ingancin aikinsa, na ukun a bainar jama'a za a yi masa, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Ƙudirin da ya ba da sirri bai faɗi sau nawa ba, bai faɗi wane irin laifi ba, ba na goyon bayansa ko da wa ya kawo shi.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina kuwa, wanda tambayarki ba ta taɓo ba, shi ne wa ake hukuntawa. Mafi yawan masu harhaɗa magunguna a Amurka ma'aikata ne, da yawansu a manyan kamfanoni masu rassa dubbai. Ba su ke yanke mutum nawa za a sa a taga ba. Shekara da shekaru hukumomi suna cin tarar ma'aikacin da ya yi kuskure, kamfanin da ya bar shi shi kaɗai yana ba da magani, yana yin allurar rigakafi, yana amsa waya, ba abin da ya same shi. An bar jaki ana dukan taiki. Ko an ci kamfanin tara ma, a Kalifoniya iyakar tarar da aka saba dala 5,000 ce, abin da reshe ɗaya ke samu kafin azahar.

Kalifoniya ce ta fi kowa matsawa a nan, kuma duk ta hanyar ƙudirorin da kike tambaya a kai. A 2021 ta hana manyan kamfanoni ɗora wa ma'aikaci adadin takardun da dole ya cika. A shekarar kuma ta ba hukumarta ikon cin kamfani tara har dala 100,000 in aka sami laifi iri ɗaya yana maimaituwa a rassansa uku ko fiye, har dala 150,000 in ya tabbata shugabannin kamfanin ne suka ingiza a yi shi. Wani bincike da hukumar ta yi a tsakanin ma'aikata ya nuna kashi 91 cikin ɗari na masu aiki a manyan kamfanonin suna cewa ma'aikata ba su isa a kula da marasa lafiya yadda ya kamata ba. A kan haka aka kawo ƙudiri mai lamba 1286, wanda gwamna Gabin Niyusom ya sa wa hannu a Oktoban 2023. Ya wajabta wa kantunan magani kai rahoton kuskurensu ga wata cibiya ta daban da hukuma ta amince da ita, ya ba shugaban masu harhaɗa magunguna na kowane reshe ikon yanke shawara a kan yawan ma'aikata, ya kuma ba hukuma ikon tsayar da aiki nan take inda yanayin wurin ke barazana ga rai. Ohayo ma ta juyo. A 2024 CVS, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantunan magani, ya amince ya biya dala miliyan ɗaya da rabi bayan binciken hukumar jihar a kan ƙarancin ma'aikata da jinkirin ba da magani a rassansa, aka kuma sa rassa takwas ƙarƙashin sa ido na shekara uku. Jihar da ta ɗaure mutum ɗaya a 2009 ita ce bayan shekara 15 ta gane cewa dole hannunta ya kai ga mai kanti. Kin ga ƙara hanyoyin ladabtarwa ba kullum yake nufin sassauci ba. Sau da yawa yana nufin sanda ta kai inda a da ba ta kaiwa.

Akwai wani ɓangare da ba a son faɗa a cikinmu, wato shaye-shaye. Mutumin da ke riƙe da makullin akwatin ƙwayoyi masu sa maye kullum, in damuwa ta kama shi, jarrabawarsa ta fi ta kowa kusa. Jihohi da yawa, har da Kalifoniya, suna da shiri na musamman inda za a janye mutum daga taga, a yi masa magani, a riƙa gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba, sannan a mai da shi aiki a hankali da sharuɗɗa. Amfaninsa a fili yake. Abokin aikin da ya ga alama zai fi saurin yin magana in ya san maganarsa za ta kai ɗan'uwansa asibiti, ba za ta jefa iyalinsa cikin yunwa ba. Inda babu irin wannan shiri, rufa wa juna asiri ake yi har sai an yi ɓarna. Amma wanda ya saci ƙwaya ya sayar a waje, wannan fatauci ne, ba ciwo ba, kuma bai kamata ya fake a nan ba.

Sai ki duba su wa ke zaune a hukumar. Ta Kalifoniya mutum 13 ce, bakwai 'yan sana'a, shida daga cikin jama'a, kuma dokarta ta faɗa ƙarara cewa kare jama'a shi ne gaba da komai. Gwargwadon yawan zaɓin da aka ba hukuma, gwargwadon buƙatar a sami idon da ba na ɗan sana'a ba a teburin, don mu mun san juna, mun yi makaranta tare, kuma ɗan'adam yakan ji nauyin abokinsa.

A gida Nijeriya maganar ta shafe ki kai tsaye, tunda lasisinki daga PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna a ƙasar nan, zai fito. A watan Agustan 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar, wadda ta maye gurbin ta 1992, ta kuma tabbatar da ikonta a kan masu harhaɗa magunguna, da mataimakansu, da masu kemis, da wuraren sayar da maganin kansu. Tsarin shi ne kwamitin bincike ya fara duba ƙorafi, in ya ga akwai abin amsawa ya tura wa kotun ladabtarwa ta hukumar. Dokar likitocinmu, in kika duba, abu uku ta ba tasu kotun: jan kunne, dakatarwar da ba ta wuce wata shida ba, ko goge suna. Tsakanin wata shida da har abada akwai fili mai faɗi da babu komai a cikinsa, kuma irin wannan filin ne ƙudirorin Amurka ke ƙoƙarin cikewa.

Sai dai matsalarmu ta fi nan nisa. Mafi yawan mutanenmu ba daga hannun mai lasisin harhaɗa magunguna suke karɓar magani ba. Daga kemis na unguwa suke saye, ko a kasuwa, ko a faranti a tashar mota. Barazanar ƙwace lasisi ba ta tsorata wanda dama ba shi da shi. Shi ya sa aikin da aka fi ganin hukumar tana yi shi ne garƙame shaguna, kamar yadda ita da NAFDAC suka yi a Sabon Garin Kano a Fabrairun 2024 don mai da masu sayar da magani sari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro. Wannan aiki ne da ya kamata. Amma kuskuren da ke faruwa a bayan tagar asibiti da ta kantin da ke da rajista, irin nawa na ranar Litinin ɗin nan, garƙame shago ba ya taɓa shi. Abin da zan so in gani shi ne a wajabta wa kowane sashen magani littafin rubuta kuskure, a ba wanda ya rubuta da kansa kuma ya sanar da marar lafiya kariya a fili cikin doka, a sa mai kanti ya amsa tambaya in shi ya bar mutum ɗaya da layin mutum ɗari, sannan a riƙa wallafa hukuncin kotun ladabtarwa da dalilansa inda ku ɗalibai za ku iya karantawa tun kafin ku fara aikin koyon sana'a.